Ranar da na ɗura wa raguna man gyaɗa

Shekarun baya kaɗan, bayan na gama makaranta na dawo gida Bukan Sidi babu aikin yi, kawuna ya samo mini aikin gadi a Abuja. Na ce masa ni kiwo zan yi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ya ba ni wata shida, in ban ga haske ba in haɗa jakata in same shi.

Na je Agyaragu na samo 'yan raguna huɗu da ba a daɗe da yaye su ba. Ina ba su dusa da harawa da busasshen ɓawon rogo, amma girman nasu kamar ana jan sa da baya. Sai abokina da ya karanci kiwon dabbobi ya ce idan ana ɗan zuba mai a abincinsu suna saurin yin jiki, naman ma yakan fi laushi. Wannan "ɗan" ɗin ne kunnena bai ɗauka ba.

Mahaifiyata ƙuli-ƙuli take yi, saboda haka man gyaɗa ba ya yankewa a gidanmu. Na riƙa ɗiba da ludayi ina kwararawa a dusa har sai ta yi ƙyalli. A wayona, in cokali zai yi aiki a wata uku, ai ludayi zai gama a wata ɗaya. Kwana biyar suka daina tuƙa, zawo ya kama su duka. Ƙaraminsu mai baƙin kunne ya kwanta da hantsi, kafin in ɗauko wuƙa ya mutu.

Mahaifiyata ta tsaya a bakin garken ta ce, "Ɗan nan, ko mutum ka ɗura wa mai haka ai sai ya kwanta." Da labari ya kai wa kawu, ya bugo waya ya ce akwai motar Abuja ran Asabar. Na ba shi haƙuri, na ce wa'adina bai cika ba.

Na koma wurin abokina da kunyata. Ya bayyana mini cewa a tumbin rago akwai ƙananan halittu masu narkar da ciyawa, mai in ya yi yawa danne su yake yi, sai dabba ta kasa cin moriyar abin da ta ci. Na tsayar da man mako biyu, harawa da ruwa kawai, har suka miƙe. Daga nan na fara ba biyu rabin cokali, ina ƙarawa a hankali, na bar na ukun babu mai don in ga bambanci da idona. Duk Juma'a ina sa su a buhu ɗaya bayan ɗaya in kai sikelin masu sayen gyaɗa. Suna ta yi mini tsiya, wai ga likitan tumaki ya iso. Ban fasa ko sau ɗaya ba.

A wata na biyar biyun nan sun bar ɗan'uwansu a baya. Yayata ta haihu, aka ce a yanka ɗaya daga cikin biyun ran suna. Mahaucin yana fiɗa ya dakata, ya murza kitsen da yatsa ya ce, "Malam, me ka ba ragon nan? Kitsen bai yi tauri ba." Mata a cikin gida suka ce naman bai ci itace ba, romon kuma ba ya daskarewa a baki. Kawu ma ya zo ya ci nasa. Da zai tafi ya leƙa garken, ya ce in ƙara faɗinsa ta wajen katanga.

Ba zan rantse cewa man kaɗai ya yi wannan aiki ba, don kulawar da na koya bayan asarar ita ma ta yi nata. Abin da na tabbatar shi ne, abu mai amfani ma yana da ma'auni, kuma gaggawa ta fi rashin sani kisa. Yau garkena ya cika, matasa kan zo su tambaye ni nawa ake zubawa. Ba na faɗa musu sai sun zauna sun ji yadda mai baƙin kunne ya mutu a hannuna.