Daga Sha Uku Zuwa Sha Tara

Kakata Iya Dije ba ta fara tatsuniya sai ta sauke tuwo. Mu kewaye murhu a gidanmu na Malumfashi, ta ture itace da ƙafa ta ce, "Ga ta nan tafe. Mai surutu ya koma wajen uwarsa."

Akwai ta wani falke da ya auna ƙafar ɗansa da zare, ya tafi fatauci. Bayan shekara shida ya dawo da takalmi daidai zaren, ƙafa ta ƙi shiga. Ya zagi baduku, ya zagi matarsa, har ya rantse an musanya masa ɗa. Mu yi ta dariya, ita ko murmushi babu.

Sai ta tambaye mu, "Laifin ƙafa ne ko na zare?"

Mu ce zare. Ta ce, "Sakarkaru! Ku tashi ku ba ni wuri."

Yanzu gadi nake yi a Doha, mu shida a ɗaki ɗaya a unguwar Najma. Ɗana Nura ya daina ɗaga wayata. Ranar Juma'a da ya ɗaga, na surfa masa faɗa son raina. Ya bari na gama ya ce, "Baba, ka ma san abin da nake karantawa?" Ya kashe.

Uwarsa ta ce in yi haƙuri, wai malaminsu ya ce tineja ne. Tinejan me? Ina tsaye awa goma sha biyu cikin wannan zafi, a raɗa wa rashin kunya sunan Turanci a ce in haƙura? Wallahi raina ya ɓaci, ko abinci ban ci ba.

Washegari a gidan cin abinci na tare Sadiƙu, wani ɗalibi ɗan Zariya, na ce ya faɗa mini wace irin cuta ce tineja.

Ya yi dariya. "Yaya, ba cuta ba ce, daga ƙidaya aka ciro ta. Lambobin Turanci daga sha uku zuwa sha tara duk da 'tin' suke ƙarewa, asalinsa goma ne. Mai waɗannan shekarun shi ne tineja. Khalas, shi ke nan."

Na ajiye cokali. Nura na da shekara sha uku ranar da na hau jirgi, bana ya cika sha tara. Duk tsawon kalmar ban kwana gida ba sai hutu biyu.

Har yau ina cikin fushi, amma na daina sauke wa yaron. Iya Dije, Allah Ya jiƙanki, ba ƙafa ba ce, ba kuma zare ba ne. Wanda ya tafi da zaren a aljihu ne mai laifin.