Baƙon da Ba Shi da Kowa a Isa

Shekara talatin da biyar na yi ina shan ƙurar alli, goma sha biyu daga ciki ina hedimasta a Sabon Birni. Duk ranar da aiki ya ishe ni, abu ɗaya nake faɗa wa kaina: in na aje aiki za ni bar garin nan, in kama hayar gida na wata uku a wani wuri, in rufe ƙofa in huta. Wani sufeton makarantu ne ya sa mini wannan ƙwaya a kai. Ya ce a wasu ƙasashe haka tsofaffi ke yi in sun yi ritaya, su kama gida da gadonsa da tukwanensa, su zauna wata da watanni, in sun gaji su ƙara gaba. Shi ya faɗa ya sha shayinsa ya manta. Ni kuwa na riƙe ta shekara ashirin.

Da ritayar ta zo sai na gane ashe da can hutu nake yi. Tun kafin in gama koko an cika mini zaure. Wannan a cike mishi fom, wancan a rubuta mishi takarda zuwa ƙaramar hukuma, wasu biyu sun zo da rigimar iyakar gona. Kowa da bakinsa: “Ai yanzu Hedimasta ba ka da aiki.” Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauko sabon littafin rubutu na ja layi da rula, na jera garuruwa: Jos, Zariya, Maraɗi, Agadas.

Mai ɗakina ta leƙa littafin ta ce, “Malam, kai da ko bitar kwana uku anka tura ka Sakkwato sai ka dawo kana riƙe da ciki kana zagin miyar mutane? Agadas! Ka dai fara gwadawa nan kusa.”

Na yi faɗa, na ce ta raina ni. Bayan kwana biyu na ƙara garin Isa, da ke nan kusa da mu, a saman jerin, da ƙananan baƙaƙe. Ai ko malami sai ya yi gwajin koyarwa kafin a ba shi aji.

Matsala ɗaya ce da Isa: Yaya tana can. Ita ce babbarmu, ni ne auta. Uwarmu ta rasu ina rarrafe, Yaya ce ta goya ni har anka yi mata aure Isa, kuma takalmin da na fara sawa zuwa makaranta da kuɗin faifan da ta saƙa anka saye shi. A wurinmu kuwa ba a kama haya ko masaukin kuɗi a garin da kake da ɗan'uwa. In ka yi haka, ka shelanta wa gari ke nan cewa tabarmarsa da tuwonsa ba su kai maka ba. Wannan kowa ya sani, ni ma na sani.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Shekara huɗu kafin nan mijinta ya rasu, na je ta'aziyya na kwana ɗaya tak, wai jarrabawa na jirana. Ta raka ni zaure ta riƙe hannun rigata, ta ce, “Auta, tun yanzu?” Na ce, “Yaya, ki yi haƙuri. In na aje aiki za ni zo in yi miki wata uku cur.” Na faɗa ne yadda ake lallashin ɗan aji ɗaya ya daina kuka. Daga nan sai gaisuwar salla ta waya.

To amma zama gidan Yaya ba hutu ba ne. Tana zaune kanka kana cin tuwo, tana tambayar abin da ya sa ka rame. Ta aika a kira unguwa kaf su zo su gaishe ka. Ta kira ni Auta gaban mutane, ni da furfura har gira. Don haka na tsara: za ni kama gida can ɗaya gefen garin, in lafe, in wata ukun ya cika in je mata wuni ɗaya kamar daga Sabon Birni nake. Mutumin da ya koya wa ɗiyan mutane lissafi ne ya zauna ya yi wannan lissafi. Mai ɗakina ta ji tsarin har ƙarshe, ta ce, “To, Allah shi ba da sa'a,” ta ci gaba da tankaɗe.

Bayan an gama kai gero gida, ranar da anka ce hanya lafiya, na hau kabu-kabu da jaka ɗaya da kwalin littattafai. Har baƙin tabarau na saya don kada a gane ni. A tashar Isa anka haɗa ni da wani dillali mai wayoyi uku, wanda ke cinikin awaki da filaye da tsofaffin babura. Na ce mishi ina son gida na wata uku, da gado da fanka da kayan shayi.

Ya dube ni sama da ƙasa. “Canjin aiki anka yi maka?”

“A'a.”

“Amarya za ka aje?”

“Subhanallahi! Hutu na zo yi.”

“Hutun mi?”

“Hutu dai. In zauna.”

“Alhaji, gidanka ba wurin zama?”

Na fara yi mishi bayanin tsofaffin wasu ƙasashe. Ya saurara da ladabi, irin sauraron da ake yi wa wanda ba shi da lafiya, sannan ya ce in hau babur.

Gida na farko albasa anka zuba a ciki, mai shi ya ce za a matsar da ita gefe ɗaya, ai ba ta da surutu. Na biyu shago ne a bakin kasuwa, jikin injin niƙa. Na uku ya yi mini, ɗaki da shigifa, wato ɗan soro, da bishiyar darbejiya a tsakar gida, har na fara zaɓen inda za ni aje kujera. Sai mai gidan ya ce, “Malam, wa ka sani garin ga? Wa za shi tsaya maka wurin mai unguwa?” Ba laifinsa ba ne. Yadda zamani ya koma a yankinmu, babu mai ba baƙon fuska makulli haka kawai. Kalma ɗaya za ni faɗa a ba ni gidan, in ce ni ƙanen wance ne. Amma in na faɗa, kafin azahar labari ya kai mata.

Na gyara tabarau na ce, “Ba ni da kowa garin nan.”

Ya ce to, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Gida na huɗu ma haka, na biyar ma haka. Sau uku na maimaita wannan magana a wuni ɗaya, kuma na ukun ko ɗar ban ji ba.

Rana ta take, dillali ya share gumi ya ce saura wuri ɗaya, amma kada in sa rai. Muna tafe a kan babur yana ba ni labari da ƙarfi saboda iska. Wata tsohuwa ce, in ji shi, tana da turakar mijinta da ya rasu, da gado da katifa da fanka mai sola. Malaman asibiti sun nema, masu bautar ƙasa sun nema, ta hana kowa. Kullum sai ta share ɗakin ta rufe. Wai wani ɗan'uwanta take jira, ma'aikaci, ya ce zai zo.

Ni da bakina na ce, “Allah ya shirya! 'Yan bokon nan ba su san zumunci ba.”

Ban rufe baki ba babur ya karya kwana wajen wata tsamiya da ke jikin masallaci. Na san tsamiyar. Na san kwatar da munka tsallake, na san ƙofar langa-langa mai shuɗin fenti. Na taɓa kafaɗarsa na ce mu koma, na fasa neman gidan. Ya ce, “Haba Alhaji, mun riga mun iso,” ya kashe babur ya rangaɗa sallama.

Ta fito zaure tana dogara sanda. Ban san ta fara riƙe sanda ba. Dillali ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya shiga yi mini talla.

“Inna, wanga bawan Allah dattijo na, mutumin kirki. Hayar wata uku shika so. Mun gewaye gari an hana shi, don ba shi da kowa garin ga. Ko mutum guda bai sani ba. Ki taimaka mishi don Allah.”

Ta dube ni. Tabarau bai yi mini aikin komai ba, matar da ta yi mini wanka a kwarya ce. Na jira ta fashe da faɗa, wallahi da ta yi da na ji daɗi. Ba ta yi ba.

“Ba shi da kowa?” ta ce.

“Ko kare, Inna.”

“Shi ya faɗa maka da bakinshi?”

“Sau uku.”

Ta gyaɗa kai. Ta kwance makulli daga bakin zanenta ta buɗe turakar. Ɗakin fes, yana ƙanshin turaren wuta. An shimfiɗa zanen gado sabo, ga buta, ga darduma, ga ɗan tebur da kujera a jikin taga. Mijinta bai taɓa zama kan tebur ba a rayuwarsa. Wannan don mai karatu anka saya.

Ta ce wa dillali, “Ɗakin ga na da mai shi. Ƙanena ne, shekara huɗu ina share mishi. Amma tunda wanga ba shi da kowa, shi zauna kafin mai shi ya zo. Ni za ni tsaya mishi wurin mai unguwa.” Ta miƙo mini makulli ta ce, “Bismilla, Malam.”

Malam! Tunda nake ba ta taɓa kirana haka ba.

Dillali ya tafi yana murna ya yi abin da ya gagari kowa. Ni kuwa na samu duk abin da na yi shekara ashirin ina mafarki. Makulli a aljihuna. Babu mai fom, babu mai rigimar gona. Ta gargaɗi maƙwabta cewa baƙon hutu ya zo yi, kada a dame shi, alhali rabinsu sun san ni tun ranar ta'aziyya. In na fita masallaci sai su ce, “Sannu mai haya,” suna kallon ƙasa. Abinci sau uku, ta aje a bakin ƙofa ta ce, “Malam, ga abinci,” ta juya. Ba ta zauna ta ga ko na ci ba, ba ta ce na rame ba. Miyar kuwa irin wadda nake so ce tun ina yaro, kuka da daddawa mai yawa, ba barkono.

Kwana na uku na tare ta tana shanya. Na ce, “Yaya, don Allah ki saurare ni.”

Ta ce, “Wani abu ya lalace a ɗakin, Malam? Fankar ce?”

Na ce a'a. Ta ce to madalla, ta ci gaba da shanyarta.

Na buɗe kwalin littattafai na baza su, ban karanta shafi biyu a jere ba. Sai in zauna kan kujerar nan ina jin ƙarar sandarta a tsakar gida, ina jin tana tari, ina jin tana hira da kajinta. Da kaji tana hira, ni ban samu ba. Kunya ta ishe ni, kewa ta ishe ni, ga ta nan taku goma tsakaninmu. Wanda zai yi wata uku a Agadas kwana tara ya iya yi a Isa.

Ran kwana na goma da hantsi na ɗaure jakata, na same ta tana tsince wake a faifai. Na miƙa mata makulli da hannu biyu, na ce na gode, za ni koma. Ta karɓa ta ɗaure a bakin zane. Ba ta ɗago ba ta ce, “Sabon Birni ka ce za ka? In ka gamu da ƙanena can, ka ce mishi ina nan ina jira. Ka ce mishi ƙafafuna sun fara gajiya da sharar.”

Na ɗauki jakata na fita. A tasha masu kabu-kabu sunka yi ta jan jakata, na ce su dakata. Na zauna kan benci har anka kira azahar. Na yi salla, na cire tabarau na ba mai rake kyauta, na sayi goro da sukari da sabulu, abin da kowane ƙane mai hankali ke riƙowa in zai je gidan yayarsa. Ban hau babur ba. Da ƙafa na taka, ta gaban injin niƙa, ta gaban tsamiya, mutane suna kallona da jaka a kafaɗa.

Na tsaya a zaure na yi sallama. Ta amsa daga ciki ta ce, “Wane ne?”

Na ce, “Yaya, ni ne. Auta.”

Can na ji sandar tana tahowa, a hankali, ta fi kullum jinkiri. Ta tsaya ta dube ni, idanunta sun cika. Ta kama hannun rigata, wajen da ta kama shekara huɗu da sunka wuce.

“Sai yau?” ta ce. “Dube ka, duk ka rame. Ba su ba ka abinci can?” Ta kwance makullin ta danƙa mini. “Shiga ka aje kaya. Ka yi haƙuri da ɗakin, wani baƙo na saukar, bawan Allah ba shi da kowa. Ya tafi ya bar mini littattafai ko'ina.”