Tsohon da Ke Gyaran Tsagar Motarsa

Daga tagar motarta mai ɗaki, a zangon masu gudun sanyi da ke bayan garin Yuma, Lorraine tana kallon sabon maƙwabcinta. Ba ta san sunansa ba. Dogon tsoho ne da ya fara ranƙwafawa, gemunsa ya yi furu-furu da ƙura. Tun safe yake kan tsani yana bin tsagar da ta ratsa jikin tasa motar. Yana gogewa, yana shafa gam, yana shimfiɗa ƙyalle yana dannawa a hankali kamar mai ɗaure wa jinjiri ciwo. Kujeru biyu ne a ƙofarsa, amma kullum shi kaɗai ke zama. Wataƙila motar nan ce gidan da ya rage masa.

Ita ce ta gaya wa mai zangon cewa wannan akwalar tana ɓata musu wuri, aka ce masa ya gyara ko ya tashi.

Da ya fara fenti ta kasa zama, ta kai masa ruwan sanyi.

"Yauwa, baiwar Allah, ara mini idonki, nawa sun gaji," in ji shi. "Kalar ta dace?"

Ba ta dace ba ko kaɗan.

"Ta dace, Baba."

"Madalla. Wai wani ne ya kai ƙarata. Bai yi ƙarya ba, ta yi muni."

Lorraine ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana cewa, "Sha ruwan, Baba, kafin ya yi zafi."