Takardar da Anti Dinah Ta Ƙi Sa wa Hannu

Shekara goma sha ɗaya muna aiki da Anti Dinah a ɗakin gwaje-gwajen wani ƙaramin asibiti a Dutse. Ni Nuriyya ina ɗibar jini, ita tana dubawa. 'Yar Filato ce, aiki ya kawo ta, tana haya a Takur. Kullum da safe sai ta sunkuyar da kai ta yi addu'a, sannan ta goge gilashin na'ura har sau biyu. Na taɓa tsokanarta, na ce ko ba ta yarda da addu'ar ba ne. Ta ce, "Addu'ar tawa ce, don kada in yi ha'inci. Ita na'ura goge ta ake yi."

Mutum biyu ne suka gajiyar da ita a duniya. Na farko ƙaninta Boaz, malamin kimiyya a Kafin Hausa, wanda ya daina zuwa coci tun yana jami'a. Duk zuwansa sai ya cinye mata tuwo, sannan ya tambaye ta yadda mai ganin ƙwayar cuta da idonta take rera waƙar Lahadi. Ba ta cika musu da shi ba, don rabin maganarsa ta yarda da ita. Na biyu faston cocinsu, wanda yake ganin ta cika tambaya.

Cocin nasu ba ya ɗaura aure sai an yi gwajin sikila, kuma Anti Dinah ce mai sa hannu a takardar. Ita ce ma ta kawo dokar, da ƙyar aka yarda. Bara sai ga Albarka, wadda suke ƙungiyar mawaƙa tare, ita da saurayinta. Dukansu AS suka fito, wato duk cikin da za ta ɗauka ana iya haifar mai sikila.

Aka yi azumin kwana bakwai. Suka tafi wani shagon gwaji, aka ba su takarda wai Albarka ta koma AA. Coci ya ɗauki murna. Fasto ya aiko cewa Anti Dinah ta sa hannu, ranar Lahadi kuma ta tashi ta ba da shaidar mu'ujiza, tunda ita ce 'yar kimiyya. Ta ce a sake gwajin tukuna.

Ni na ɗebi jinin. Wallahi na so ya canza, ni da ba addininmu ɗaya ba. Bai canza ba.

Albarka ta durƙusa tana kuka. "Anti, ba ki yarda Allah zai iya ba?"

"Na yarda zai iya, 'yata. Amma abin da ya yi aka sa ni dubawa, ba abin da zai iya ba. In kun ji kun gani, ku yi aurenku da idonku biyu, zan zo in yi rawa. Ƙarya ce dai ba zan rubuta ba."

Aka cire ta daga kwamitin aure, aka ce ta huta da waƙa. Wani ya sa hannun, aka yi biki. Ta je ta yi rawar kuwa, mutane suna kauda kai. Boaz ya zo da fara'arsa, ya ce, "To Yaya, yanzu sai ki fito daga cocin." Ta dube shi a gajiye, ta ce, "In fito in bar musu Allah su kaɗai?" Har yau tana zuwa, a bencin baya take zama.

Ni kam haushi ya ishe ni. Ranar wata Litinin na ce mata, "Anti, tunda ba fasa auren aka yi ba, me kika samu ban da baƙin jini? Da kin sa hannun kin huta."

Ta buɗe jakarta, ta zaro wata tsohuwar takarda daga cikin Baibul ɗinta ta miƙo mini. Sunanta ne a sama, sai AA, sai sa hannu.

"Mu ma mun yi azumi, ni da mijina," ta ce. "Wani mai tausayi ya rubuta mini wannan. Gyang sunan yaron da muka haifa. Shekara tara ya yi yana kukan ƙashi kafin ya huta."

Ta karɓi takardar ta mayar inda take, ta goge gilashin na'urar.

"Miƙo jini na gaba, Nuriyya."