Tsofaffin Gonar Gide

Gide ya rasu ranar Laraba da hantsi, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Shekara sittin da ɗoriya muna tare, tun muna kiwon awaki a bayan ƙauyenmu da ke kusa da 'Yargoje. Masu zuwa gaisuwa kowa na cewa mutum ne mai kawaici. Allah ya yafe masu, ba gaskiya suke faɗi ba. Bakin Gide bai bar mai rai ba, kuma ni shaida ne bai bar matattu ba.

Gonarshi ta gado tana gindin dutse, tafiyar rabin awa daga gari. A cikinta akwai tsibin duwatsu guda bakwai, kowane ya kai ƙugun mutum. Haka muka taso muka gan su, ba mai kula su sai ƙadangaru da macizai. Manya kan ce kushewun mutanen da ne, waɗanda suka zauna wurin tun ba a san sunan garinmu ba. Amma manya na faɗin abubuwa da yawa.

Wata shekara, muna da kamar talatin talatin, aka yi ruwa mai ƙarfi, zaizaya ta cinye gefen tsibi ɗaya. Gide ya zo ya ja ni, wai in zo in ga abu. Muka tarar da fasasshiyar tukunya, da munduwar ƙarfe da tsatsa ta ci, da ƙashin ƙwauri dogo ya leƙo daga ƙasa. Ni dai na ja da baya ina salati. Gide kuwa sai ya naɗe wando, ya zauna a laka, ya miƙe ƙafarshi kusa da ƙashin.

Ya kamata in faɗa, Gide zanƙalele ne. Duk gidansu haka suke, ƙafafu kamar na zalɓe, tela na ganinsu yake ɓata rai.

"Mani, duba nan," in ji shi. "Daidai wa daida. Wanga ƙwauri namu ne."

Na ce, "Kai Gide, ji tsoron Allah. Ƙashi ai ƙashi ne."

"Naka ne ƙashi ƙashi, gajere. Wanga kakana ne."

Muka mayar da komai yadda yake, muka rufe, ya jera duwatsu ya tare hanyar ruwan. Daga ranar nan ya yanke cewa su bakwai ɗin kakanninshi ne. To kowa ya san abin da ke tsakanin jika da kaka: wasa ne da tsokana, ba a fushi. Gide ya ce shekaru aru-aru suna kwance ba jikan da ya tsokane su, dole kewa ta ishe su.

Ya raɗa masu suna. Mai ƙwaurin shi ne Dogo. Wani da ko ciyawa ba ta fita kusa da shi, Marowaci. Akwai Sarkin Barci, akwai Kurma. Da safe in ya shigo da garma sai ka ji shi tun daga nesa:

"Ragwaye, an tashi lahiya? Au, ba a tashi ba. Dogo, gona taka, ƙafa gare ka har biyu, ka bar jika da noma. Ba kunya!"

Ƙaramin cikinsu yana gindin wata kanya a bakin gona, nan ne hanyar shiga. Shi ya kira Tsohuwa, ya ce kakarshi mace ce, don haka matarshi ce. Nan yake shan fura, nan yake jingina in rana ta take. Yakan ɓare goro ya miƙa mata, ya jira kaɗan, sannan ya ce, "Ba haƙora ko? To bari in taimake ki," ya jefa a baki.

Maganar ta kai kunnen liman, Malam Sanusi. Ya kira shi bayan la'asar, ina wurin, ya ce ana cewa yana roƙon duwatsu.

Gide ya ce, "Allah gafarta Malam, mi zan roƙa wurinsu? Mutanen da tukunya ɗaya suka mallaka, ita ma fasasshiya? Ni Allah nake roƙo. Su zaginsu nake yi."

Malam ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunshi na rawa. Da ya samu numfashi ya ce a dai rage zagin.

Ba kullum wasa ba ne. Shekarar da ƙyanda ta ɗauke 'yarshi Hamida, bai yi kuka a gida ba, don kada matarshi Saudatu ta ƙara karyewa. Na bi shi gona na same shi zaune jikin Tsohuwa, ya dafa dutse ɗaya. Ya ce mani, "Waɗanga duk sun binne 'ya'ya, Mani. Ba wanda ya tuna sunan ko ɗaya. Amma dubi yadda aka jera masu duwatsu, wani ya so su." Muka zauna har inuwar kanyar ta juya.

Shekara biyu da hanya ta lalace, 'yan bindiga suka hana kowa zuwa gonakin nesa, mu hatsi muke tunani, shi kuwa cewa yake tsofaffi za su ce ya yi yaji.

Abin dariyar ya faru bayan an koma. Lokacin cirar gyaɗa ne, aka ɗauko Gwaggo Fatsuma, ƙanwar babanshi, a amalanken shanu, don ta ce tana son ganin gonar yayanta kafin ta mutu. Ta haura tamanin. Aka sauke ta gindin kanya, sai ta ji Gide yana cewa, "Tsohuwa, ga baƙuwa na kawo maki, sa'arki ce."

Gwaggo ta ce, "Da wa kake magana, ɗan nan?"

Ya nuna mata tsibin, ya ce kaka ce.

Gwaggo ta dubi tsibin, ta dubi Gide, ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta.

"Wanga? Wanga ai ubanka ya tara shi, shekarar da ya faɗaɗa gona! Tsakuwar da garma ke karo da ita ce. Rabinshi ni na ɗebo a ka. Shidan can su ne na mutanen da. Wanga ba kowa ciki sai kunama. Kai kanka kana rarrafe ka hau ka yi kashi bisa."

Mata masu tsinkar gyaɗa suka zube ƙasa. Kafin magariba labari ya game gari. Wata guda in Gide ya wuce majalisa sai wani ya ce, "Ango, ya amarya? An ce tsakuwa ce." Ni ma ban raga mashi ba, Allah ya sani.

Kwana uku bai je gona ba. A na huɗu ya biyo mani muka tafi. Ya tsaya gaban tsibin ya riƙe ƙugu.

"Munahika," in ji shi. "Ashe sa'ata ce ke, kika bari shekara talatin ina ba ki girma."

Sannan ya zauna inda ya saba, ya jingina. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ka san wani abu? Su shidan zato nake yi. Wagga kuwa na tabbata, ba dutsen da hannun babana bai taɓa ba." Ya ci gaba da shan furarshi a wurin har ƙarfinshi ya ƙare.

Damuwarshi ɗaya ce, babban ɗanshi Nasir. Yaron kirki ne, manomi na gaske, amma ya tsani tsibin nan. Ya ce sun cinye wuri, suna tara macizai, kuma mai tarakta ya ƙi shiga gonar saboda su. Sau uku yana cewa a kwashe, sau uku Gide na cewa sai bayan ranshi. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, na je duba shi, ya kama hannuna.

"Mani, na yi kuskure, na ce wa yaron nan sai bayan raina. Ga shi bayan ran ya zo. Kada ka bari ya kwashe mani tsofaffi."

Na ce, "Ni wa? Gona tashi ce."

"Ka tare shi da baki irin nawa. Shekara sittin kana koyo wurina, gajere."

Ita ce magana ta ƙarshe mai tsawo da muka yi.

Bayan girbi, wata safiya, na hangi Nasir ya ɗaure shanu a amalanke, ya ɗora diga da shebur, ya nufi gindin dutse. Na ɗauki sanda na bi shi, gwiwoyina na ƙara. Duk hanya ina shirya maganganu masu nauyi, na amana da na hakkin mamaci. Da na isa ya riga ya tsaya gaban Dogo da diga a hannu, sai duk suka gudu daga kaina.

"Baba Mani, don Allah kada ka sa baki," in ji shi. "Ba mu san su ba. Ba mu ma san ko Musulmi ba ne."

Na ce, "Naɗe wandonka."

"Na'am?"

"Naɗe wando na ce, ɗan zalɓe."

Ya naɗe, don ba ya iya musu da ni. Ƙwauri ya fito, dogo, siriri, duk ƙura. Na nuna mashi daidai inda ubanshi ya zauna a laka, na ba shi labarin awon da aka yi. Na juya ga tsibin na ce, "Dogo, ga wani ya zo. Shi ma ba nama, ba kyan gani. Wai tashinka zai yi, ko za ka taimaka da noma."

Nasir ya yi dariya ba da son ranshi ba. Dariyar ba ta ƙare ba ta koma kuka. Ya yar da digar ya tsuguna, ya ce muryar Baba ya ji. Na bar shi ya yi mai isarshi, ni ma ina share hawayena da hula.

Da ya natsu ya ce, "To Baba, ko shidan sun zauna, ta bakin hanya dole ta tashi. Nan kaɗai tarakta za ta shiga. Kuma Gwaggo ta ce ba kowa ciki."

Na dubi Tsohuwa. Sai na tuna ranar Juma'a da na je makabarta, na ga ruwan ƙarshen damina ya zaftare gefen kabarin Gide, ƙayar da aka sa ta zame.

Na ce, "Loda ta. Na san inda za ta."

Sawu uku muka yi. Kunama biyu muka kashe, Gwaggo ta yi gaskiya. Muka tambayi Malam Sanusi, ya ce tare ruwa daga kabari ba laifi ba ne. Muka jera duwatsun kewaye da Gide, Nasir na miƙo mani ina ajiyewa, ɗaya bayan ɗaya.

Bana tarakta ta shiga gonar. Direban na kewaya tsibi shida yana ƙunƙuni, kunyoyin sun fito a karkace. Nasir ya ce ya ji kanshi ranar nan yana ce wa Marowaci ya ji kunya, ya waiga ko wani ya ji shi.

Ni kuwa duk Juma'a ina zuwa makabarta. Ina yin sallama, in yi mashi addu'a yadda aka koya mana, Allah ya jiƙanshi, ya haskaka kabarinshi. In na shafa, sai in duba hagu da dama. In ba kowa, in dafa dutse ɗaya in ce, "Rago, har yanzu ba a tashi ba? Ga matarka an kawo maka. Yanzu dai ba mai cewa ba kowa ciki."