Makullin Ƙofar Baranda

Dattijo ne mai gyaran ƙofa, ƙafar tabaraunsa ɗaure da zare. Yana duba makullin ƙofar gilashin barandar bene, matar gidan tana tsaye kansa, don 'yarta ta fara tafiya. Harshen makullin ne ya goce wa raminsa. Ya daidaita, ya ɗaure.

Ta ce, "Baba, ai ta kama."

"Ta kama wa manya, 'yata."

Sai ya durƙusa daidai tsawon ƙaramin yaro, yana jijjiga ƙofar ta ƙasa har gumi ya keto masa. Wannan ba a wurin koyon sana'a ya samo shi ba. Ta buɗe baki za ta tambayi 'ya'yansa nawa, ta dubi fuskarsa, ta juya ɗebo masa ruwa.