Kajin da Suka So Hana Ƙanena Karatu

A shekarun da muka sami mulkin kai ƙanena ya dawo garinmu, yamma da Gidan Rumji. Ya gama lakol, wato makarantar boko, ya zarce babbar makaranta a ƙasar waje, har ya yi fice aka ba shi tallafin da suke kira burs, don ya zurfafa a ilimin zaman jama'a. Sharaɗin shi ne ya yi damina guda cikin mutane, ya ga zamansu na kullum, da daɗinsa da saɓaninsa, ya rubuta ya kai wa malamansa. In ya koma hannu rabbana, a janye tallafin, karatu ya tsaya.

Innarmu ta ce, "Ikon Allah. Mu da muke zaman ba wanda ya ba mu ko goro."

Sai dai gari ya mai da shi baƙo, ko da yake nan aka yanke cibiyarsa. Duk gidan da ya yi sallama sai a share tsakar gida, a shimfiɗa sabuwar tabarma, a bi kaza da gudu. Masu cacar baki su haɗiye maganarsu. Ya tambayi yadda ake rabon gona, a ce masa, "Lafiya lau, ci nama."

Ya yi kumatu, amma zuciyarsa ta rame. Wata rana ya iske ni ina rubuta wa wani wasiƙa da ajami, ya ce, "Yaya, tun da na zo ban ji ko tsaki ba. Mi zan kai musu?"

Na ce ya gode wa Allah, wasu da addu'a suke neman abin da yake kuka da shi.

Ana nan, ran nan bayan azahar kawunmu ya shigo da akushi. Bai ajiye ba sai ga maƙerin gari da nasa.

Kawu ya ce, "Yau kwanana ne na ciyar da baƙo, maƙeri. Mai da tsohon zakaranka, kada ka karya wa yaro haƙori."

"Naka fa? Da waken gonata ya yi ƙiba."

"Gonarka? Wadda ta wuce itacen gawon kakana?"

Nan fa aka buɗe rumbu. Aka tono iyakar gona, da garmar aro da ba ta dawo ba, da wanda ya ƙi fita gayya bara. Mata suka leƙo ta kan danga suna gyara musu asali. Ni ne mai sulhu a unguwa, don haka na yunƙura. Sai na ji an riƙe mini riga ta baya.

Ƙanena ya ce a hankali, "Yaya, don Allah bari su iso kan rigimar rijiya tukuna."

Na koma na zauna ina istigfari, shi kuma alƙalaminsa na gudu. Suka iso rijiyar har suka wuce. Kiran la'asar ne ya raba su, suka yi alwala da buta ɗaya, muka dawo muka cinye kajin duka biyun.

Daga ranar aka daina share masa gida. An riga an yi faɗa a gabansa, ba sauran kunya. Da kaka ta yi ya tafi, bayan watanni saƙo ya zo cewa malamansa sun yaba, an ƙara masa tallafin.

Da na gaya wa kawu, bai yi barka ba tukuna. Ya matso kusa da ni ya ce, "To, a littafin nan, gawon na wa ya ce?"